Amsoshin Takardunku: Tsamin Hammata Da Tsirar Gashi Ga Ƙananan Yara, Balaga Ce Ko Kuwa?

TAMBAYA: Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani manomi mai sauraronmu a Kurawa, cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni ta jihar Sakkwato. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya ce ɗiyarsa ba ta jima da cika shekara 8 ba, amma mahaifiyarta ta lura hammatarta ta fara tsami irin na manya, har ma 'yan gasu sun fara tsirowa. Wasu daga cikin dangi suna cewa ai ta balaga ke nan, a fitar da ita daga makaranta a soma shirin aure. To yana so ya san abin da ke kawo wannan, shin balaga ce, ko kuwa wani ciwo ne? Akwai kuma wani ɗan kasuwa daga Isa da ya rubuto yana tambaya a kan ƙwayoyin da ake tallarsu da sunan mayar da tsoho yaro. Da yake tushen maganar ɗaya ne, sai muka haɗa su muka amsa tare.

AMSA: To Malam, mun gode da wannan tambaya. A taƙaice dai, tsamin hammata da 'yan gasu kaɗai ga yarinya 'yar shekara 8 ba su nuna cewa jikinta ya isa aure ko ɗaukar ciki. Galibi kuma ba ciwo ba ne. Amma akwai 'yan lokutan da yakan zama alamar ciwo, don haka gyara zama ka ji yadda abin yake tun daga tushe.

HULAR ƘODA

A saman kowace ƙoda ta ɗan Adam akwai wata 'yar tsoka da ta zauna kamar hula a kai. Likitoci na kiranta adirinal, mu kuwa bari mu ce mata hular ƙoda. Guda 2 ne, dama da hagu, kuma nauyin kowace ga baligi bai wuce giram 4 zuwa 5 ba. Dabbobi ma suna da ita. In an yanka rago ka duba cikin kitsen da ke kusa da ƙoda za ka ga wani ɗan abu kamar ƙwayar wake, to ita ce.

Wani likitan Italiya mai suna Bartolomeo Eustachi ne ya fara bayaninta a rubuce cikin ƙarni na 16, amma ba a gane amfaninta ba sai a shekarar 1855, lokacin da Dokta Thomas Addison na birnin Landan ya nuna cewa in ta lalace mutum yakan rame, fatarsa ta yi duhu, ƙarfinsa ya ƙare, har ya mutu.

Aikinta shi ne haɗa waɗansu sinadarai da ake kira homon. Shi homon ɗan aike ne. Wata gaɓa ce ke haɗa shi, ta zuba cikin jini, jini ya kai shi wata gaɓa can nesa da saƙon abin da za ta yi. Hular ƙoda tana haɗa iri huɗu. Akwai adirinalin, wanda ke sa gabanka ya faɗi, ƙafarka ta yi sauri in ka yi kiciɓis da maciji a gona. Akwai aldostiron, mai tsare gishiri da ruwa a jiki. Akwai kotizol, mai riƙe jiki lokacin yunwa da zazzaɓi da wahala. Na huɗu shi ne wanda ya shafi tambayarka, wato androjin, sinadaran da ke kawo siffofin maza. Kada sunan ya ruɗe ka, mace ma tana da su. Babba daga cikinsu ana taƙaita sunansa da DHEA. Wani Bajamushe masanin sinadarai, Adolf Butenandt, shi ya fara tace shi daga fitsarin mutum a shekarar 1934.

Shi DHEA a karan kansa ba shi da ƙarfi sosai. Kamar ɗanyar gyaɗa yake, sai an kai shi wurin matsa kafin a sami mai. Fata da kitse da sauran gaɓoɓi su ke juya shi ya koma sinadarin maza mai ƙarfi, wato testostiron, ko kuwa na mata, wato istirojin. Yawansa a jini kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Hawa yake yi yana sauka kamar ruwan gulbin Rima tsakanin damina da rani. Tafiyar tasa zango biyar ce.

ZANGO NA ƊAYA: CIKIN UWA

Abin mamaki, lokacin da hular ƙoda ta fi girma in an gwada da jiki shi ne tun mutum yana cikin mahaifiyarsa. Ranar haihuwa takan kai kashi ɗaya cikin uku na girman ƙodar jariri, alhali ga baligi wajen kashi ɗaya cikin 30 ce kawai. Kusan kashi 80 cikin 100 nata a lokacin wani sashe ne na musamman wanda aikinsa haɗa DHEA mai yawan gaske. Mabiyiya ce ke karɓarsa ta juya shi ya zama sinadarin mata wanda mai ciki ke buƙata. Ka ga ashe ɗan tayi ma yana ba da tasa gudummawar wajen renon cikinsa.

Wannan sinadarin mata na lokacin ciki shi ke sa ka ga nonon jariri sabon haihuwa ya ɗan kumbura, namiji ne ko mace, wani lokaci har da ɗan farin ruwa. Jaririya kuma takan ga ɗan ɗigon jini a gabanta cikin makon farko. Duk wannan yakan wuce da kansa. Muna roƙon ungozomomi da kakanni kada a matsa nonon, domin matsawar ce ke jawo ƙurji da mugunya.

ZANGO NA BIYU: ƘURUCIYA

Da an yanke cibiya, wancan sashe ya gama aikinsa, sai ya fara motsewa. Cikin 'yan makonni hular ƙoda takan rage kusan rabin nauyinta, kafin yaro ya shekara kuwa DHEA ya sauka ƙasa ƙwarai. Haka zai zauna har wajen shekara 5 ko 6. Shi ya sa ƙaramin yaro zai wuni yana guje-guje cikin rana, ya yi gumi sharkaf, amma ba ka jin hammatarsa na tsami irin na babba.

ZANGO NA UKU: FARKAWA

Daga wajen shekara 6 zuwa 8, wato daidai lokacin da yaro ke famfara, ana fara tura shi kiwon awaki ko kai abinci gona, sai wani sabon sashe ya bunƙasa a cikin hular ƙoda, ya ci gaba da haɗa DHEA sannu a hankali. Wani likitan Amurka, Fuller Albright, shi ya raɗa wa wannan mataki suna a shekarar 1942, sunan da ke nufin farkawar hular ƙoda. Yawancin dabbobi ba su yin wannan farkawa. An fi saninta ga ɗan Adam da manyan birai irin su cimfanzi.

Da farko ba a ganin komai a zahiri. Sai sinadarin ya taru, sannan alamu su biyo baya: tsamin hammata, maiƙo a fuska da gashin kai, 'yan ƙuraje a goshi, daga baya kuma gashin mara da na hammata. In waɗannan sun fito bayan shekara 8 ga yarinya, ko bayan shekara 9 ga yaro, likitoci na ɗaukarsa a matsayin girma na lafiya.

To ga inda mutane ke kuskure. Balagar da ke kai ga haihuwa ba daga hular ƙoda take fitowa ba. Hanyarta dabam ce. Ƙwaƙwalwa ce ke aika saƙo zuwa ga ma'ajiyar ƙwan mace, ko 'ya'yan marainan namiji, su kuma su fara nasu aikin. Alamar farko ga yarinya ita ce ƙirgar dangi, wadda kan zo tsakanin shekara 8 da 13, sannan jinin al'ada ya biyo baya da kamar shekara 2 ko fiye. Ga namiji kuwa alamar farko ita ce girman 'ya'yan maraina, tsakanin shekara 9 da 14, daga baya murya ta buɗe. Hanyoyin nan biyu kowace da lokacinta. Ɗaya na iya farawa ɗayar tana barci.

Kai manomi ne, ka san ba kowane yayyafi ne ruwan shuka ba. Wanda ya ga ƙasa ta ɗan jiƙa a sama ya kwashe irinsa ya zuba, to ya yi asarar iri. Tsamin hammata da 'yan gasu yayyafi ne kawai. Ko bayan yarinya ta fara al'ada ma, ƙashin ƙugunta yana ci gaba da buɗewa har wasu shekaru. In ta ɗauki ciki kafin ya gama, kan jariri na iya maƙalewa, naƙuda ta yi tsawo, a rasa ɗan, ita kuma a bar ta da yoyon fitsari. Masu wannan lalura ne ake yi wa aiki a Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha da ke Sakkwato, da kuma asibitin Babbar Ruga a Katsina. Maganar yaushe salla da azumi ke hawa kan yaro, wannan fagen malamai ne, a tambaye su. Mu abin da ke cikin jiki muke bayani, kuma jikin 'yar shekara 8 jikin yarinya ne. A bar ta ta yi karatunta. Wanka da sabulu, da wanke riga a kai a kai, sun isa maganin tsamin.

ZANGO NA HUƊU DA NA BIYAR: ƘARFI DA TSUFA

DHEA yakan ci gaba da hawa duk tsawon samartaka, har ya kai ƙololuwa tsakanin shekara 20 da 30. Na maza yakan ɗan ɗara na mata. Sai dai ga namiji baligi ba shi ne jigo ba, domin fiye da kashi 90 cikin 100 na testostiron ɗinsa daga 'ya'yan maraina yake fitowa. Ga mace kuwa hular ƙoda na da babban rabo a wannan fanni. Shi ya sa matar da tata ta lalace takan ga gashin hammatarta da na mara sun zube. A ƙasashenmu tarin fuka na daga cikin manyan abubuwan da ke lalata ta.

Daga shekara 30 sai gangara, kaɗan-kaɗan kowace shekara. Kafin mutum ya kai 70 ko 80, abin da ya rage bai wuce kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na lokacin ƙarfinsa ba. Amma kotizol, wanda rai ya dogara a kansa, ba ya yin wannan sauka. Bincike na 'yan shekarun nan ya kuma nuna akwai waɗansu sinadaran maza na hular ƙoda da ba su raguwa sosai da tsufa. Saboda haka saukar DHEA ba ciwo ba ce, tafiyar shekaru ce, kamar furfura.

A nan za mu juya ga mai tambayarmu na Isa. Da aka ga sinadarin yana raguwa da tsufa, sai 'yan kasuwa a Amurka da wasu ƙasashe suka shiga sayar da shi a kwalba, wai yana mayar da ƙuruciya. Likitocin asibitin Mayo na Amurka sun gwada shi a kan tsofaffi maza da mata har shekara 2, suka buga sakamakon a 2006: ba su ga wani amfanin a zo a gani ba, ko a ƙarfin jiki ko a jin daɗin rayuwa. Ga mace kuma yana iya fito da ƙuraje da gashin fuska. To Alhaji, riƙe kuɗinka ka ƙara jari.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda sau da yawa akwai desametazon ko firedinisolon a ciki, da kuma waɗansu mayukan bilicin. Waɗannan dangin kotizol ne. In mutum ya daɗe yana sha ko shafawa, sai hular ƙodarsa ta ga an ɗauke mata aiki, ta kwanta. Fuska ta kumbura, ciwon suga da hawan jini su samu ƙofa, yaro kuma tsayinsa ya tsaya. Ranar da aka daina farat ɗaya kuwa, mutum na iya faɗuwa, domin jiki ba shi da nasa. Wanda ya riga ya saba, ya je likita ya rage masa sannu-sannu. Masu kemis da masu kasa magani a kasuwa, wannan amana ce a wuyanku.

YAUSHE NE ABIN YA ZAMA NA ASIBITI?

Na farko, in gashin ko tsamin ya fito kafin shekara 8 ga yarinya, ko kafin 9 ga yaro. An fi ganin haka ga 'ya'ya mata, musamman waɗanda aka haifa da ƙaramin jiki daga baya suka yi ƙiba da sauri. Mafi yawansu lafiyarsu ƙalau, amma likita ne zai tabbatar.

Na biyu, in abin yana gudu: yaro ya zarce sa'o'insa tsayi cikin ɗan lokaci, murya ta yi kauri, gaban namiji ya girma alhali 'ya'yan marainansa ƙanana ne, ko gaban yarinya ya fara girma yana sauya kama. Wannan na iya zama ƙari a hular ƙoda, ko da yake ba kasafai ba, ko kuwa ciwon gado da za mu yi bayani yanzu.

Na uku, in an yi latti: yarinya ta kai 13 ba ƙirgar dangi, ko 15 ba al'ada, ko yaro ya kai 14 ba wani canji. Sikila da daɗaɗɗen ciwo na kawo haka, haka ma ƙarancin abinci. Wannan abin dubawa ne a ƙasar Gobir, inda rashin tsaro ya hana mutane da yawa noma, ya kuma sa dubbai ƙetarawa jihar Maraɗi tun daga 2019. Yaron da ya sha tamowa yakan makara wajen girma. Wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, zogale, nono, da ƙwai in an samu, su ne maganin farko, ba ƙwayar kasuwa ba.

CIWON GADO NA HULAR ƘODA

Wannan muna so kowace ungozoma da kowane wanzami su ji shi da kyau. A duniya, cikin haihuwa kamar 15,000 akan sami jariri ɗaya da hular ƙodarsa ba ta iya haɗa kotizol yadda ya kamata. Ƙwaƙwalwa ta yi ta aiko mata da saƙon ta ƙara himma, ita kuwa tun da waccan hanya a toshe take, sai kayan aikin su karkata zuwa haɗa sinadarin maza fiye da kima. Kamar dai ka datse ruwa a fadama ne, ya fasa ta gonar maƙwabci.

In jaririya ce, akan haife ta gabanta ya yi kama da na namiji, har a rasa gane ko mace ce ko namiji, abin da mutane ke kira mata-maza. Alhali a ciki tana da mahaifa da ma'ajiyar ƙwai kamar kowace mace. Wata ma akan raɗa mata sunan maza. Don haka duk jaririn da aka yi shakkar gabansa, ko aka lalaba ba a ji 'ya'yan maraina ko ɗaya ba, a kai shi asibiti tun kafin ranar suna. Kada a ɓoye don kunya, kada kuma a bari aska ta taɓa wurin. Ba aikin iska ba ne, ba kuma laifin uwa ba ne.

In namiji ne, haɗarin ya fi ɓuya, domin ba a ganin komai ranar haihuwa. Sai a mako na 2 ko na 3, wato an sha suna ke nan, jariri ya fara amai, ya ƙi kama nono, ya yi laushi, maɗigarsa ta faɗa, saboda gishirin jikinsa yana zuba ta fitsari. Mace mai ciwon ma tana iya shiga wannan hali. In ba a yi hanzari ba rai na iya salwanta cikin 'yan kwanaki. Wanda nasa bai yi tsanani ba yakan tashi ya fi sa'o'insa tsayi da ƙarfi yana ɗan shekara 4 ko 5, a yi ta yaba shi, amma ƙasusuwansa su rufe da wuri, ya ƙare gajere.

Gadonsa kamar na sikila yake. Sai uwa da uba duk suna ɗauke da irin, su kuwa lafiyarsu lau. In haka ta kasance, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da ciwon. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar iri biyun su haɗu. Gidan da aka taɓa rasa jarirai a jere cikin watan farko da amai, su gaya wa ma'aikatan asibiti tun a wurin awon ciki.

Abin farin ciki, akwai magani. Tun a 1950 Dokta Lawson Wilkins na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya nuna cewa in aka ba yaro abin da jikinsa ya kasa haɗawa, sinadarin mazan yakan sauka. Yau ana ba da ƙwayar haidirokotizon kullum, wasu a haɗa musu da ta tsare gishiri. Shan na har abada ne, ba a fashi, kuma likita zai koya wa iyaye yadda za su ƙara in yaro ya yi zazzaɓi. Kada ka ce ai ɗazu mun hana irin waɗannan ƙwayoyi. Bambancin shi ne wannan cike giɓi ne bisa awon likita, wancan kuwa ɗora wa mai lafiya kayan da bai buƙata ne. Yaran da ke samun magani suna girma, su yi karatu, su yi aure, da yawa kuma su haihu.

INA ZA A NUFA?

A fara da asibiti mafi kusa, ko babban asibitin Sabon Birni ko na Isa. In abin ya fi ƙarfinsu za su ba da takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Waɗanda Maraɗi ta fi musu kusa, can ma akwai babban asibiti. Likita zai auna tsayi da nauyi, ya duba jiki, wataƙila ya ɗebi jini, ya kuma ɗauki hoton ƙashin hannu, domin ƙashi yana faɗin shekarun da jiki ya kai. A tafi da katin rigakafi ko takardar haihuwa in akwai, saboda duk wannan lissafi a kan shekaru yake. In babu, a tuna da damina nawa yaro ya yi, ko wani abin da ya faru shekarar da aka haife shi.

Wata dabara mai sauƙi kuma: jingina yaro da bangon ɗaki, ka ja layi da gawayi daidai kansa, ka sake bayan wata 6. Kafin balaga yaro mai lafiya yakan ƙaru da kamar santimita 5 zuwa 6 a shekara, wato kusan faɗin yatsu uku na babba. In ya zarce haka nesa, ko ya tsaya cik, to a nemi likita.